Maɓallin Ƙarshe na Hannun Dama

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Tsohon fiyanon lantarkin da na saya ya iso daga Ƙanƙara a bayan babur, naɗe cikin bargo. Ya girme ni. Maɓallansa sun yi ja kamar haƙoran mai cin goro, biyu ma ba sa magana. Matata Lauratu ta leƙo shagon cajina ta ce, "Wagga gawa ka sawo?" Ban kula ta ba. Na yanzu duk muryarsu siririya ce. Wannan kuwa in ya yi sarewa sai ka waiwaya neman makiyayi.

Talata, 8 ga Oktoba

Na kwance shi na goge cikinsa da auduga da sifirit. Ƙura da kashin kyankyaso, ba a magana. Maɓallan nan biyu sun farfaɗo. Na gane da batir ya fi daɗi, wutar sola gurnani take sa shi.

Gide na rugar bayan rafi ya kawo cajin waya, da nonon da ya saba kawo mini. Na yi masa sarewa. Ya yi ta dariya, wai ta yi tsini, ko maraƙi ba zai biyo ta ba. Na rage ta har ya gyaɗa kai. Yau na ji daɗi.

Alhamis, 10 ga Oktoba



Na aro babbar lasifikar biki don in ji ƙarfinsa. Bayan la'asar na ƙure murya ina bin lambobin muryoyinsa. A lamba ta ƙarshe kowane maɓalli da kukansa: tsuntsu, ruwan sama, jirgi. Na danna na ƙarshe a hannun dama. Bindiga. Irin mai jerawa ɗin nan da duk wanda ke ƙasar Faskari ya san muryarta. Kuma lasifikar taga take kallo.

Kafin in ɗaga yatsa unguwa ta kaure da salati. Mata da goyo, yara ba takalmi, kowa ya nufi cikin dawa.

Abin da ya kamata shi ne in fito in ce ni ne. Sai na zare wayar lasifikar, na rufe fiyanon da bargo, na bi su a guje. Har kwanciya na yi a kunyar gona tare da su, ina cewa a yi shiru.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Maƙwabciyarmu Baba Adama ta faɗi wajen tsallake kwata, hannu ya karye. Na je gaishe ta. Ta ce, "Salahu, Allah ya tsare ka, ɗana. Ta wajen shagonka hwa aka yi harbin." Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Maganar ta koma kan Gide. Wai an gan shi ya bar gari da azahar ranar, wai shi ya nuna wa 'yan bindiga hanya. 'Yan sa-kai sun karɓe wayarsa. Matarsa ta shigo da nono ta koma da shi, ba wanda ya taya. Jibi za a zauna ƙofar mai unguwa a kan ko rugarsu ta tashi.

Lauratu ta ce, "Gawar taka ta daina kuka tun Alhamis. Mi ya same ta?" Ta daɗe tana kallona.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na haɗu da Gide a bakin rafi. Ya ce, "Salahu, kai dai ka san ni." Na ce na sani. Na wuce.

Talata, 15 ga Oktoba

Da hantsi na ɗauko fiyanon a ka, ba bargo, na ratsa tsakiyar gari. Na ajiye gaban mai unguwa na ce, "Baba, don Allah kowa shi zauna, kada a gudu." Na danna maɓallin da 'yar muryarsa ta ciki kawai. Duk da haka sai da wasu dattawa suka duƙa.

Na so a zage ni. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yi dariya. Mai unguwa ya ce, "Ba kai ne na gani kwance kusa da ni cikin dawa ba?" Na ce ni ne, Baba.

Aka miƙa wa Gide wayarsa. Ya sa a aljihu ya tafi, bai dube ni ba. Kunya ba ta kisa, da yau an yi jana'izata.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yara na kirana Mai Bindiga. Ina amsawa. Ruwan Baba Adama ni ke ɗebowa, ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce mini ɗana ba. Lasifika ta koma wurin mai ita. Maɓallin na cire shi da filaya, ya bar giɓi.

Ina yin sarewa a hankali, ƙofa a buɗe, sai ga Gide. Bai shigo ba. Daga bakin ƙofa ya ce, "Ta koma tsini." Na rage. Ya ɗan tsaya yana ji.

Bai kawo nono ba. Amma ya bar wayarsa a caji.