Layin da Ya Karkace a Ɗakin Gashi

Zuwa ga ƙanina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya, uwar yara ƙafarta ta yi sauƙi, yanzu bakinta ne ba ya hutawa. Babbar 'yata ke riƙe da alƙalami, tunda ka san wanda aka kai makaranta a gidanmu da wanda aka miƙa wa cebur. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Saƙonka ya iso tun farkon jinyata, inda ka ce in bi likitoci sau da ƙafa, in ajiye taurin kai, domin abin ba aikin bulo da siminti ba ne. Na ji, na haɗiye. Yanzu kai ma ka ji nawa.

Da suka gano ƙari na ciwon daji a ƙasan marata, sun tura ni cikin wani inji mai baki kamar kwalbati, ya yi ta ɗaukar hoton cikina yanka-yanka kamar burodi, ba wuƙa ba jini. Sai suka ɗiga mini tawada uku, biyu a ƙugu, ɗaya ƙasan cibiya. Kullum in na zo gashi, wato ƙona ciwon da haske, sai in kwanta a gado mai tauri, wasu layukan haske kore su fito daga bango, ma'aikata su yi ta gyara ni har layukan su hau kan ɗigon nan. Wata mata mai tabarau, wadda aikinta auna injin ne, ta bayyana mini cewa hasken maganin yana shiga ta kusurwoyi da yawa, ya haɗu a wuri guda kan ƙarin, don ya ƙone shi, naman lafiya ya tsira. Na ce mata ai wannan igiyar kafa harsashi ce, inda igiyoyi suka gicciye nan turke yake. Ta yi dariya ta ce haka ne, Baba.

Kwana goma sha shida ina kwanciya ina kallon bango ɗaya. Koren layin da ke kan bangon yana bin tsagin tayil ɗoɗar, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Rana ta goma sha bakwai ina shiga na ga ya fara a kan tsagin, amma kafin ya kai kusurwa ya ɗan hau sama. Na tsaya da zanen asibiti a ɗaure, na ce ba zan kwanta ba. Wani ma'aikaci ya ce an duba komai da safe, kuma mutum tara na jira a waje. Na ce ko mutum ɗari ne, layi ya karkace, kuma cikina ne za a gasa, ba nasa ba. Abokiyar aikinsa ta ce wa 'yata tsufa ne da tsoro. Ita kuma 'yar tawa, ga ta nan tana rubutawa tana sunkuyar da kai, har da ja mini hannu wai ina ba ta kunya.

Na ƙi motsi sai da aka kira mai tabarau. Ta zo da wani ɗan akwati mai zane-zane, ta ɗora a gadon, ta duƙa ta daɗe tana dubawa. Da ta miƙe sai ta ce a dakatar da kowa. Ashe bayan awon safe wani ya bugi fitilar bangon da ke fitar da layin da keken tukunyar iskar numfashi, ta goce milimita uku. Ta ce da an kwantar da ni a haka, gefen ƙarin zai sha da ƙyar, lafiyayyen hanji ya ɗauki wutar. Ta gyara, ta sake aunawa, sannan ta tambaye ni ko ya yi. Ni ta tambaya, ƙanina, a gaban kowa! Na runtse ido ɗaya, na ce yanzu ya zauna. Ido ba mudu ba, ya san kima.

Na cika gashi talatin. Makon jiya aka sake hoto, likita ya ce ƙarin ya motse, sai bibiya kawai. Ma'aikacin nan yanzu in ya gan ni Injiniya yake ce mini.

Saura magana ɗaya. Shekara ashirin da shida ke nan da ka ce katangar da na gina maka ta karkace, ka kawo mai takarda ya rushe ya sake. Na ji labari tasa ta tsage tun bara, sai ɓangaren gabas, ginina da bai taɓa ba, ke tsaye. Ka nemi ma'aunin ruwa na duba miƙewar gini ka ɗora a kan nawa, ka rubuto mini abin da ka gani. Ba gaggawa, likita ya ce ina nan.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da Dogo, da Auta da mijinta, da jikoki duka. Uwar yara tana gaishe ku.

Ni ne yayanka,
Magini