Na Tura Mata Bidiyon, Ta Daina Zuwa

Hajiya Mero, ki taimake ni da shawara. Yau Laraba, gwiwata ta ɗan yi sauƙi, amma tarin yana nan.

Ni tsohon malamin firamare ne a Ƙanƙara, ni kaɗai a gida tun rasuwar mai ɗakina. Ɗiyata ta fari tana aure a Faskari, kuma a da duk Laraba take zuwa ta gaishe ni. Da, labarin tashin hankali a rediyo muke ji, mu tattauna a ƙofar masallaci. Yanzu kowane yaro mai waya ɗan jarida ne. Wani ya ce an yi sulhu da 'yan bindiga, wani ya ce an tare hanya, kowa da rantsuwa.

Watan jiya aka turo mini bidiyon mutane suna gudu, an ce hanyar Faskari ce. Na tura mata, ban ƙara ko kalma ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in ce ina kewarta. Daga baya na sake kallo, na ga gero ya fitar da kai a gonakin, alhali ko shuka ba mu yi ba.

Yau ma na sa an share zaure. Har la'asar ba ta zo ba.

Tsoho mai jira, Ƙanƙara

Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Tsoronka ba laifi ba ne, hanyoyin nan sun ga abin da suka gani. Amma idonka ya riga ya gane cewa bidiyon tsoho ne. Masu yaɗa irinsa da yawa 'yan kallo suke nema. Kafin ka tura wani, ka duba yaushe aka ɗauka kuma a ina. Labarin hanya kuwa, direbobin tasha da suka biyo ta da safe za a tambaya.

Ita kuma ɗiyarka, ina jin umarni ta ɗauka. Uba ya turo mata wannan bai ce komai ba, sai ta fahimci kada ta zo, ta yi biyayya. Wataƙila ita ma jiranka take.

Ka kira ta yau. Ba sai ka ambaci sunanta ba. Ka ce bidiyon tsoho ne, mijinta ya bincika hanya, in da lafiya kana son ganinta. Allah ya kawo ta lafiya, ya zaunar da ƙasarmu. A sake share zauren, Baba.