Waken da Na Hana Alhaji

Tabotaki, daren Talata, bayan girbi

Yau Alhaji mai sayen hatsi ya zo da motarsa daga Madawa, na hana shi wakena. A taron magajin gari an yi mana alkawari cewa daga gonakinmu gwamnati za ta riƙa sayen abincin 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko. Ni dai na yarda.

Inna ba ta yarda ba. Ta ce, "Ɗana, ƙwari fa ba su san da alkawarin nan ba."

Dariya na yi, amma da magariba sai da na kwance buhu na zura hannu ciki. Lafiya lau yake tukuna.

Zan ƙara jira. Ina son ɗiyata Hadiza ta ci waken nan a lakwal, ta ce wa ƙawayenta na babanta ne.