Wurin da Muryarka Ke Tsinkewa

Akurba, Lafia
Oktoba, 1996

Zuwa ga Babandi mai jita, tauraron mawaƙa, ruwan farkon damina, mangwaron da ya nuna a reshen da hannu ba ya kaiwa, sanyin idona kuma ciwon kaina na shekara da shekaru!

Bayan gaisuwa irin ta wadda ba ta taɓa daina sonka ba, Orshi mai ganga ya kawo mini saƙonka jiya ina tsakiyar suyar doya. Wai tunda an ba mu jiha, kai aka zaɓa ka yi waƙa a filin biki ranar Asabar, kuma kana roƙon in zo in tsaya bayanka in yi maka amshi kamar da. Ashe ka san hanyar Akurba? Ashe ka tuna akwai wata Iyatu a duniya? Wallahi sai da doyar ta ƙone, don daɗi ya hana hannuna motsi.

Ka tuna bikin nan na Adogi a 1979, da janareta ya mutu da la'asar, lasifika ta yi shiru? Ka ɗauko waƙarka "Lemun Azuba" da baki zalla. Da ka kai inda waƙar ke hawa sama, muryarka ta tsinke kamar tsohon zare, ni kuma daga bayanka na ɗora tawa a kai, ba wanda ya ga ɗinkin. Mata suka rangaɗa guɗa, aka ce ba a taɓa jin namiji mai siririyar murya irin taka ba. Ka waiwayo ka kashe mini ido. A kan wannan ido ɗaya na kori manema uku, har da mai mota! Daga ranar abin ya zama aikinmu, kai ka buɗe baki ka ɗaga hannu sama, ni in kai waƙar inda ba ka iya kaiwa.

Haka muka yi a Jos da aka ɗauki kaset. Hotonka a gaba da farar kwat, sunanka da manyan baƙaƙe, nawa ko a bayan kwali babu. Da Kaduna ta kira a 1982, ka tafi da ɗaya 'yar amshin, Doofan, don ta fi ni kyau a talabijin, ka bar ni a tasha rungume da jaka. Na yi kuka har na rame, ban ɓoye wa kowa ba. Labari ya iso mini cewa a can, in an zo wurin nan da muryarka ke tsinkewa, sai ka miƙa wa jama'a makirufo, wai kana son jin muryar masoya. Kai, dabara! Amma Lafia ba Kaduna ba ce, masoyina. A nan tsofaffi za su naɗe hannu su jira abin da suka sani a kaset, shi ya sa ka tuna da ni.

Ya zumar bakina, ya inuwar da na jira har rana ta ƙona ni, yaya za a yi ka kira in ƙi zuwa? Zan zo. Na riga na kai ɗinki. Sai dai ba bayanka zan tsaya ba, a layin gaba zan zauna, inda za ka ga fuskata sarai. In ka kai wurin nan ka ɗaga hannu, zan rufe bakina in zuba maka ido. Shekara goma sha bakwai garin nan yana tafa maka a kan muryata, ina so su ji taka sau ɗaya.

Kada ka kira wannan ƙiyayya. In an gama dariya, manyan da ke ɗaukarka a mota sun sulale, ni zan ɗauki jitarka in kawo ka Akurba. Zan dafa maka citta da zuma, in wanke farar kwat in ninke ta a ƙasan akwati. Ba zan goranta maka fiye da sau ɗaya a rana ba. Daga Asabar babu mai ƙara aiko maka mota daga ko'ina, kuma a ranar zan yi barcin da rabona da shi tun 1982.

Taka ita kaɗai, yau da gobe har a kai ni makwancina,
Iyatu