Askar da Ke Gefen Madubi

Solingen, 4 ga Maris

Ƙanena Eckhard,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Silke da yara. Ya ciwon bayan naka?

Ban hana ka sayar da tsofaffin asaken da Baba ya tara ba, masu murfin nan da ake kwancewa a sa reza. Na san gidan kula da tsofaffin da yake ciki ba kyauta ba ne. Ka ce kasuwarsu ta tashi, in an jira za ta faɗi, na ce to. Amma haba Eckhard, har da wadda ke gefen madubi? Ita ba ta ado ba ce. Kaka ne ya ba shi ita ranar da ya fara aiki a maƙera, kuma da ita yake aski kowace safiya.

Baba ya manta sunana, ya manta Mama ta rasu, amma hannunsa bai manta aski ba. Yau kwana goma sha biyu ya ƙi yi. Ma'aikaciya ta kawo injin aski, ya ture mata hannu. Jiya ya ga kansa a madubi ya ce, "Wane ne wannan ƙazamin tsohon a ɗakina?" Ya daina fitowa cin abinci, kunya yake ji.

Ka aiko min da sunan wanda ya saye ta. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Yayarka,
Gudrun

Solingen, 19 ga Maris

Eckhard,

Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Na gode da sunan, ko da yake sai da ka kwana tara kafin ka tuna kana da uba.

Na je Wuppertal wurin Küppers ɗin da ya saye ta. Gidansa aska ko'ina, har a kicin. Ya ba ni gahawa, ya ce, "Baiwar Allah, ƙaninki ya yi gaggawa. Irin wannan yanzu ta ninka uku, Amurkawa sun gano ta." Yana faɗa yana dariya. Na biya ban yi ciniki ba, kuɗin gyaran rufina ne ya tafi.

Ya miƙo min ita. Walƙiya take yi kamar sabon cokali. Ashe ya kai an yi mata sabon ruwan azurfa, wai masu saye yanzu sun fi son mai sheƙi. Har jira yake in yaba.

Na kai wa Baba ranar Lahadi da safe. Na haɗa masa kumfa, na sa reza, na ɗora masa a tafin hannu. Bai ko dube ta ba. Yatsansa kawai ya dinga shafa mariƙin, yana neman wurin da ya goge har jan ƙarfe ya fito, inda babban yatsansa ya zauna shekara sittin. Sun shafe wurin, Eckhard.

Ya nannaɗe ta a tawul a hankali, ya mayar min. Ya ce, "Kyakkyawa ce, 'yan mata, amma ba tawa ba ce. Ki mayar wa mai ita, kada ya tashi da safe ya rasa."

Tana jakata. Küppers ya ce zai sake saye, har da ƙari. In kana son ribar ka zo ka karɓa da kanka, gidan tsofaffin, ɗaki na goma sha huɗu. Kada ka tsorata da mai gemun, ubanka ne.

Ka gaida Silke.

Gudrun