Kujerar Haƙorin da Ke Cikin Leda, da Bakin Mahaifina

Zuwa ga babban jami'in da aka damƙa wa kula da lafiyar haƙorin talakawa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, don an koya mini gaida manya. Ni ɗan kabu-kabu ne a Gure, ina ɗaukar fasinja a babur. Ban yi nisa a makarantar lakwal ba, karatuna a jikin allunan hanya da tsofaffin jaridu na ƙarasa shi, saboda haka a yi haƙuri da rubutun. Maganar dai sai an ji ta.

Na farko. Mahaifina dillalin dabbobi ne. Ya buɗe bakin rago ko raƙumi, ya dubi haƙori, ya faɗa maka shekarunsa bai kuskure ba. Ana saura kwanaki Sallar Layya haƙorinsa na turmi na hagu ya ruɓe. Na goya shi a moto zuwa gidan likita. Majon da ke aiki, wato ma'aikacin jinya, ya nuna mana wata kujerar gyaran haƙori sabuwa fil, wadda kuka kawo da tafi da masu ɗaukar hoto. Tana nan cikin ledarta. Ba a turo mai aiki da ita ba. Ya ba mu ƙwayar rage zogi, ya ce mu tafi Damagaram. Wane dillali ne zai bar kasuwar Layya, wadda iyalinsa ke ci shekara guda, ya tafi bin layi a Damagaram? Baba ya ce sai bayan Salla.

Na biyu, kuma a nan laifina yake, ba zan ɓoye ba. Kanumfari bai yi ba, taba da kanwa ba su yi ba. A garejin da muke gyaran moto kowa ya rantse mini cewa ruwan batir na kashe tsutsar haƙori. Da hannuna na tsoma auduga na cusa masa a ramin. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Kwana biyu kumatunsa ya kumbura har ido ya rufe, bakin ya ƙi buɗuwa. Da muka kai shi Damagaram, lokotoro, wato babban likita, ya ce ruɓewar ta ci ƙashin muƙamuƙi. Yau Baba kunu yake sha da cokalin shayi, bai sake taka kasuwa ba, kuma aikin da za a yi masa ana ta ɗaga shi.

Ni na zuba, na sani, ina kwana ina tashi da shi. Amma ranka ya daɗe, wa ya bar mu da gareji a matsayin asibiti? Duk shekara ma'aikatan dabbobi na fita har Alakos suna yi wa shanu allura. Ashe bakin saniya ya fi na mai saniyar gata a wurinku.

Abin da nake nema: a yi wa mahaifina aikinsa tun ƙashin bai ƙare ba. A turo mana mai gyaran haƙori mazauni, ba na kwana biyu a gaban kamara ba. In kasafinku bai kai ba, ku fito rediyo ku faɗa, ku kuma gargaɗi mutane kan ruwan batir, don har gobe ana zuba shi.

Kafin nan, ku sani ban yafe ba. Hoton fuskar Baba yana cikin wayata. Duk wanda ya hau bayana, daga nan zuwa Kelle da Gamu, sai ya gani, sai ya ji ofis ɗin da ya jawo. Ranar da kuka zo wani bikin buɗe wani abu, zan zaunar da shi a layin gaba ku yi jawabinku kuna kallonsa.

Allah ya ƙara muku girma da tsawon rai. Allah ya bar muku haƙoranku cif. Ranar da ɗaya zai motsa kuwa, Allah ya sa ta same ku a Gure.

Wassalam.

Lawali ɗan kabu-kabu, Gure