Akuyar Inna Ta Cinye Bincikena

Tahoua, ranar Laraba

Zuwa ga Kawu Sadiƙu a Abijan,

Gaisuwa ta ladabi da girmamawa, tare da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci kasuwa. Mu nan kowa lafiya. Damina ta yi kyau a Barmou, Raƙiya kuma ta sauka lafiya, an samu ɗiya.

Kawu, ina alfaharin sanar da kai cewa ɗan 'yar'uwarka, mai diplom a ilimin sinadarai, ya kai ga gagarumar nasara. Na haɗa sitacin rogo da ƙaro da ɗan gilisarin, na samar da abin da mu masana muke kira polimer, wato leda mai ruɓewa ta koma ƙasa. Ka san bara akuyar surukata Inna Tanna ta mutu, da aka farke cikinta aka tarar da baƙar leda cunkus. Alal haƙiƙa wannan ne tushen nazarina.

Sai dai na yi kuskure guda. Na shanya samfurina goma sha biyu a kan tabarma a tsakar gida, kusa da kuɓewar Inna, na manta da cewa ita ba ta barin shanya sai da sanda a hannu. Kafin in dawo daga sallar azahar, ɗiyar waccan akuya, mai tsohon ciki, ta cinye su kaf.

Inna ta ce mijin banza ne ni, na je lekol, wai karatun boko, na koyo kashe mata dukiya. Ta rantse in akuyar ta mutu, tukwanena da kwalabena za su bar gidan, ni ma in bi su. Na yi mata bayanin narkewar sitaci dalla-dalla. Ta ce in yi wa akuyar. Kwana uku ina bin dabbar nan da ƙwarya, ina nazarin kashinta, matata Zahara tana ce mini likitan bayan akuya.

Ranar Litinin akuyar ta haifi biyu, tana tuƙa lafiya lau. Wace hujja ta fi wannan? Inna ta ba ni ɗakin da take ajiye harawa in mayar laboratuwar, wato ɗakin gwaje-gwaje, bisa sharaɗi ɗaya: duk ledar da ta lalace a wurin gwaji, rabon akuyar ce, don Inna ta lura cin ledar tawa yana ƙara mata nono.

A gaida Inna Rahama da Ciɗo da duk 'yan Ader na unguwarku.

Ɗanka mai biyayya,
Abdurazak